Wurin Kakata Ya Je Sheda

Mun tashi da asuba daga Nyanya, mu 'yan kulob ɗin kimiyya na makarantarmu, da malamarmu da direba. Duk da sammakon, mun tarar da layin motocin ma'aikata masu shiga gari, wasu na gyangyaɗi da jaka a cinya. Na zauna kusa da taga, hannuna a aljihu, ina riƙe da ƙullin tsumma. A ciki akwai wuri, irin wanda aka yi ciniki da shi a da, kakata ta ara min bayan na yi rantsuwa zan dawo da shi.

Malama ta ce bayan wannan tafiya za ta zaɓi aiki ɗaya da zai wakilci makaranta a gasar kimiyya. Nawa aikin na riga na zana shi a babban kwali: idan aka auna sinadarin kabon da ke jikin wurin nan, za a san shekarar da kakan kakata ya zo da shi Katsina. Na so a zaɓe ni ƙwarai, amma ko a aji ban cika ɗaga hannu ba.

A Zuba muka tsaya. Abarba jibge kamar an juye tifa, ga lemo, ga kankana. Mai ayaba ya ga rigar makaranta ya ƙara kuɗi, Malama ta juya za ta tafi, nan take ya sauko. Direba ya ce, "Oga, yara ne fa, ba 'yan majalisa ba." Bayan Gwagwalada hanya ta sake, damina ta yi kyau, kunyoyin doya reras. Na ga matan Gwari sun ɗora itace a kafaɗa, kansu babu komai.

Cibiyar binciken da ke Sheda shiru take, sai ƙarar janareto. Aka zagaya da mu ɗakunan gwaje-gwaje masu sanyi har muka iso wajen wata Dakta, doguwa, da tabon tawada a bakin mayafinta. A teburinta akwai ɓawon katantanwar teku da gutsuren gawayi. Ta ce a bakin teku aka tono su, rami ɗaya, zurfi ɗaya, alamar an gasa an ci a wuta ɗaya. Ta aika su ƙasar waje aka auna, sai ɓawon ya fito ya girmi gawayin da ɗaruruwan shekaru.

Wata a cikinmu ta ce ko na'urar ce ta lalace. Dakta ta yi dariya ta ce lafiyarta ƙalau. Duk mai rai yana ɗaukar wani irin kabon, idan ya mutu sai ya riƙa raguwa a hankali, da abin da ya saura ake ƙirga shekaru. Itace daga iska yake samun nasa, sabo. Amma ruwan ƙasan teku yakan daɗe bai haɗu da iska ba, kabonsa ya riga ya ragu kafin ya taso sama. Da shi katantanwa ke gina ɓawonta, don haka tun tana raye na'ura za ta ce tsohuwa ce. Dole a cire waɗannan shekarun aro, kuma kowane teku da nasa yawan. Har mutumin da ya rayu a kan kifin teku, in ji ta, ƙashinsa kan nuna shekarun da ba nasa ba.

Sai na tuna da ƙullin da ke aljihuna. Wuri ai daga teku yake. Kwalina bai ce komai a kan haka ba.

Da aka ce a yi tambaya, na jira har aka fara fita. Sai na kwance ƙullin na ajiye a teburin, na ce, "Anti, wannan fa?" Sai da ta sunkuyo kafin ta ji ni.

Ta juya wurin a tafin hannu. "Daga wane teku ya zo?"

"Daga Katsina," na ce. Ɗakin ya fashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Dakta ba ta bar ni a nan ba. Ta ce irin wannan daga teku mai nisa fatake ke kawo shi, ya bi hannaye da yawa kafin ya iso Arewa. Sai an san tekun kafin a san abin da za a cire, kuma ko an gyara, lokacin mutuwar ƙwaron da ya rayu a cikinsa za a sani, ba ranar da kakanmu ya karɓa ba. Ga shi sai an niƙa wani ɓangare.

"Ke nan aikina ya mutu," na ce.

"Wa ya gaya miki? Ki nuna wa mutane dalilin da lissafin farko ba zai yi ba. Ni ma abin da ake biyana in yi ke nan."

A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, kowa ya yi barci. Wajen Zuba Malama ta dawo kujerata ta ce in sake kwalin, ni za ta tura, da sharaɗin in yi maganar da na bayan ɗaki zai ji.

Da magariba na isa gida. Kakata ta karɓi wurinta ta duba shi ciki da baya, sannan ta ce in faɗa mata abin da aka ce. Kunnenta ya yi nauyi, don haka na ɗaga murya, na sake ɗagawa, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga. Tafiyar ta koya min cewa lambar da na'ura ta bayar sai an tambayi daga ina abin ya fito kafin a yarda da ita. Da na kai ƙarshe kakata ta ce, "To daga yau a daina sa min kifin teku a miya, shekaruna sun ishe ni. Sake faɗa min wajen ruwan ƙasan nan, ban ji sosai ba."

Na miƙe tsaye na sake farawa.