Ƙaramin Kwaɗon Filomina

Filomina Mang 'yar Jos ce, nas a wani asibiti a Manhattan, a ƙasar Amurka. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana hawa bas daga unguwarsu Park Hill zuwa tashar St. George, ta tsallaka a jirgin ruwa zuwa wurin aiki. Tun tana yarinya take son kiwo, amma gidan da take haya ba a yarda da kare ko kyanwa ba. A 2014 wata abokiyar aikinta ta ba ta kwaɗi huɗu shuɗaye, irin masu dafin nan na dazukan Kudancin Amurka, kowanne bai wuce ƙumbar babban yatsa ba.

Ta zuba su a akwatin gilashi mai ganyaye da danshi. Abincinsu ƙananan ƙudaje ne da take kiwo a kwalba da ruɓaɓɓiyar ayaba. Ayabar kuwa Harouna ke ajiye mata, wani mutumin Maraɗi mai shago a unguwar Tompkinsville.

"Madam, abin nan ba zai halaka ki ba?" in ji shi.

"Daga ƙwarin daji suke samun dafin, Malam Harouna. Nawa ƙuda kawai suka sani."

Da aka yi wata biyar, uku suka yi ɓul-ɓul, ɗaya ya tsaya cak. Duk Lahadi in ta dawo daga coci sai ta kara rula a jikin gilashin ta auna shi. Abin ya dame ta. Ta zauna ta lura, sai ta ga manyan ne ke rigansa lashe ƙudajen. Ta ware shi a wani akwati, tana barbaɗa wa abincinsa garin ƙarfafa ƙashi. Ya ɗan murmure, amma bai kamo su ba. Ta haƙura ta mayar da shi cikinsu.

Wata Asabar da safe, bayan shekara guda da 'yan watanni, ta ji wata ƙara siririya. Ta zaci firji ne ya lalace. Da ta leƙa akwatin, sai ga ƙaramin a kan ganye, maƙogwaronsa na kumbura. Ta kira wadda ta ba ta kwaɗin a waya.

"Ai namiji ne, maza ne ke wannan kukan," in ji matar tana dariya. "Matan sun fi girma. Haka zai zauna."

Ba a jima ba ƙwai suka bayyana ƙarƙashin wani ganye. Ranar da suka ƙyanƙyashe Filomina ta makara, jirgi ya tafi ya bar ta, don ta tsaya kallon ƙaramin yana ɗauke da 'ya'yansa talibambam a baya zuwa wani kofin ruwa da ke cikin akwatin.