Lalle a hannun mai takaba

Shekarun baya, bayan na gama makarantar manya ina da jikoki, na shiga wani kwas na harkar fim a nan Maiduguri. Ba fitowa zan yi ba, fuskata ba ta kyamara ba ce. Ɓangaren kasafin kuɗi da tsara jadawalin ɗauka na zaɓa, don na daɗe ina dafa wa 'yan fim abinci a lokeshan, na gaji da ganin shinkafata tana hucewa saboda ba wanda ya san lokacin tashi. Duk ajin sa'annin 'ya'yana ne. Mama suke ce mini, ni kuma ina yi musu tsawa kamar ni na haife su.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, ashe ba a ɗaukar fim yadda labari ya jeru. Duk abin da zai faru a gida ɗaya tare ake ɗaukarsa, don a rage kuɗin mota da ɓata rana. Na ce, "Malam, wato sai a binne mutum da safe, a ɗaura masa aure da yamma?" Ya ce, "Ƙwarai, Mama, in dai unguwa ɗaya ce."

A ƙarshen kwas aka raba mu rukuni-rukuni, kowane ya yi gajeren fim. Ba fim, ba takardar shaida. Kyamarar ta makaranta ce, kwanakinmu da ita ƙididdigaggu ne, wani rukuni na jira. Labarinmu na wata matashiya ne da mijinta ya rasu a hatsarin mota ta shiga takaba. Wadda za ta fito a matsayin matar kuwa wata ɗaliba ce daga unguwar Mairi, yarinya mai sanyin murya, fim ɗinta na farko ke nan.

Tun ina tsara jadawali ta gaya mini za a yi bikin yayarta a tsakiyar aikin. Na ce ba komai. Na kwashe duk fitowar maza na zuba a kwanakin bikin, na tara duk na takaba a ranar da za ta dawo, a wani gida da aka ara mana a Bulumkutu. Har ina yaba wa kaina. Ni 'yar Borno, wadda ta turara amare ba adadi, ban tambayi kaina ba: wace yarinya ce ke zuwa bikin yayarta ta dawo da hannu fari?

Ranar ta sauko daga keke napep hannuwanta cikin hijabi. Ko da muka gaisa ba ta fito da su ba. Sai da darakta, wani yaro ɗan ajinmu mai saurin fushi, ya ce ta ɗauki buta a gwada, sannan muka gani. Baƙin lalle har gwiwar hannu, zane kamar an buga da inji, farce kuma jawur.

Darakta ya dafe kai. "Innalillahi! Mai takaba da lallen biki? Kin kashe mu!"

Ta ce, "Wallahi na ce kar a yi mini. Goggona ce ta riƙe ni, wai ƙanwar amarya ba lalle, ko mutuwa aka yi mana?"

Mai kyamara ya ce a sa mata safar hannu. Na ce, "A zafin nan, a tsakar gida, tana wanke-wanke? Kai dai riƙe kyamararka."

Sai darakta ya aiki wani ya sayo bilic, ruwan wankin kayan nan mai cin fata, wai a jiƙa hannun a goge da soso, in bai fita ba a nemo wata a sake komai daga farko. Sakewa kuwa ba ta yiwuwa, kowa ya sani. Na juya na ga yarinyar ta riga ta nannaɗe hannun riga, ta miƙa hannuwan tana jira, hawaye na zuba. Nan raina ya ɓaci.

Na ce, "Ɗana, duk wanda ya zuba wa 'yar mutane wannan abin, a kansa zan juye sauran."

"Mama, to ya za mu yi? Mutane za su yi mana dariya. Ina aka taɓa ganin mai takaba da lalle?"

Na ce, "A gidana."

Ban taɓa gaya musu ba, ban ma yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. Ranar da aka shigo da gawar maigidana, kwana kaɗan ke nan da sunan ɗan ƙanwata, hannuna da lalle ɗanye shar. Da shi na karɓi gaisuwa. Ba kalanda nake dubawa ba a takabata, hannuna nake kallo. Baƙin lallen ya koɗe ya tafi, jan farcen ya riƙa hawa sama a hankali, har ranar da na fita saura ɗan siriri a baki. Na ce musu, "Mutuwa ba ta tambayar mace ko lallenta ya goge."

Daraktan ya ce, "Allah ya jiƙan Baba." Sannan a hankali, "To jadawalin fa?"

Nan na zauna a kan turmi na wargaza aikina da hannuna. A ranar muka ɗauki zuwan labarin mutuwar kaɗai, lallen na sheƙi. Sauran fitowar takabar na rarraba su da tazara, don lallen ya riƙa koɗewa yadda kwanakin labarin ke tafiya. Wannan ya saɓa wa duk abin da aka koya mana, don sai mun yi ta komawa gida ɗaya. Na je na roƙi ɗaya rukunin muka yi musayar ranakun kyamara. Matar gidan na kai mata turaren wuta mai kyau ta ƙara mana lokaci. Kuɗin keken da ya ƙaru kuwa daga nama na cire shi. Har muka gama, shinkafa da wake suka ci gaya, suna ci suna tsine wa lalle.

Malam ya rage mini maki, kuma da gaskiyarsa. Ya ce, "Mama, kin tambayi ranar da ba ta nan, ba ki tambayi yadda za ta dawo ba." Amma da aka haska fim ɗin, aka zo inda yarinyar ke zaune ita kaɗai tana juya tafin hannunta, lallen ya zama kamar inuwa, na ga ya cire tabarau yana gogewa. Mun samu takardarmu, dukkanmu.

Yanzu aikina ke nan, kuma 'yan wasa sun san ni da tambayar ƙwaƙwaf. Akwai biki a gidanku? Za ka yi aski? Za ki sake kitso? Wasu har cewa suke na fi surukarsu sa ido. Yarinyar nan ta yi aure, tana koyarwa, duk sallah sai ta kira ni. Fim ɗin yana cikin wayata, na nuna wa mutane da yawa. Sai dai in an kusa wurin da take juya tafin hannunta, nakan miƙa wa mai kallo wayar in ce bari in duba tukunya, ko da ban ɗora komai ba.