Matar da Aka Ce Ta Zauna

Kakata tela ce, kuma ba ita ta haifi mahaifiyata ba. Sai da na yi wayo na san haka, don ba a taɓa jin bambanci a bakinta ba.

Mijinta kafinta ne. Sun daɗe tare Allah bai ba su haihuwa ba, sai ita da kanta ta nuna masa wata bazawara da ke kawo mata ɗinki, mace mai yawan dariya, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Aka yi aure. Amarya na ce mata Yaya, ita kuma tana ce mata Ƙanwata. Amarya ta haifi 'ya'ya uku, har da mahaifiyata, duk a gindin keken ɗinkin Kaka suka yi rarrafe. Maƙwabta har tsokanar kafinta suke yi, wai shi ne baƙo a gidan.

Ana nan aka ba shi aikin yin bencuna a wani coci. Yana aiki yana jin wa'azi, har abin ya shige shi, iyalinsa suka bi shi. Da ya nemi a yi masa baftisma, fasto ya ce sai da mace ɗaya. Kafinta ya kawo zancen annabawan da suka zauna da mata fiye da ɗaya. Fasto ya ce wancan zamani daban ne, su kansu Yahudawa yawancinsu sun daɗe da bari. Wansa, wanda ya tsaya a Musulunci, ya same shi a shago ya ce addinin da ya baro ya yarje masa har huɗu muddin zai yi adalci, to ina adalci a sallamar wadda ba ta yi laifin komai ba? Kafinta ya ci gaba da goge katako, bai ɗago kai ba.

Kaka ta yafa gyale ta tafi wurin fasto.

"Ni zan fita," ta ce. "Ita ce mai 'ya'ya."

"Mama, ke ce ta fari," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ba ni na tsara ba."

Kaka ce ta ɗauki akwatin Ƙanwata a ka, ta raka ta wani ɗaki a bayan injin niƙa. Ɗakin bai ishi mutum huɗu ba, saboda haka yaran suka zauna wurin Kaka, tana kai su wurin uwarsu duk mako. Manema sun zo, Ƙanwata ta ce ita ba ta san ranar da aurenta ya mutu ba. Ƙurar injin ta kama mata ƙirji, ta rasu ba ta ga auren ko ɗaya cikin 'ya'yanta ba.

Daga nan Kaka ta soma jin takun Ƙanwata. Da rana tsaka, da zarar ta tsayar da keke don sa zare, sai ta ji shi a tsakar gida: ƙafa ɗaya ta dira, ɗaya ta ja. Ba ta tsorata ba, in ji mahaifiyata, sai dai takan janye ƙafarta daga bakin ƙofa, kamar mai ba da hanya. Rabon kwana kuwa ba ta fasa ba. Ranar da ba tata ba, tana ajiye wa kafinta abinci ta koma ɗakinta ta rufe.

Da tsufa ya ci ƙarfinsa hankalinsa ya soma gushewa. Yakan dubi Kaka ya tambaye ta yaushe ta dawo, ƙafar ta yi sauƙi? Mahaifiyata ta so ta gyara masa, Kaka ta hana.

"Na dawo tun ɗazu," takan ce masa. "Sha ruwanka."

Haka ta yi ta amsa sunan wata har ya cika. A wajen jana'izarsa an kira ta matarsa tilo, aka nuna mata benci na gaba. Ta zauna can gefe, ta bar wurin mutum ɗaya kusa da ita, kuma babu wanda ya iya cewa ta matsa.