Kuskuren Baba Sai-Litinin

Shekararsa ashirin da tara a ofishin harkokin ɗalibai, a teburin da ke jikin taga, amma kaf jami'ar da wuya ka sami mai iya gaya maka sunansa na gaskiya. Baba Sai-Litinin kowa yake ce masa, har malamai. Dalili kuwa shi ne, ko gobara ka zo sanarwa, zai ɗago ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Sai Litinin."

Da tafireta ya fara aiki, zamanin da sanarwar ɗalibai take rataye a allo mai gilashi, makullinsa kuma a aljihun gaban rigarsa. Da aka kawo kwamfuta sa'anninsa suka yi ta neman canjin ofis, shi kuwa ya zauna ya koye ta da yatsu biyu. Har yau yatsun biyu ne, sai dai su kaɗai ke da iznin danna maɓallin da ke jefa imel cikin wayar ɗalibai dubu goma sha huɗu a lokaci guda.

Dokokin wannan maɓalli ya haddace su fiye da ranakun haihuwar 'ya'yansa. Kowace ƙungiyar ɗalibai saƙo ɗaya tak take da shi a zangon karatu. Kada ya wuce kalma tamanin. A kawo fom da sa hannun malamin da ke kula da ƙungiyar kwana biyar kafin ranar aikawa, ranar aikawa kuma Litinin ce da ƙarfe goma. Da bakin biro yake bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, in ya sami tamanin da ɗaya sai ya miƙo maka takardarka cikin fara'a, kamar kyauta yake ba ka.

Abin alfaharinsa shi ne fayil ɗinsa. Ban da takardar ɗaukar aiki babu komai a ciki, ko gargaɗi ɗaya. Wanda ya cika shekara talatin a haka, jami'a takan ba shi takardar yabo mai firam. Saura shekara guda, amma matarsa ta riga ta sauke kalanda daga bangon falo ta bar ƙusar tana jira.

"Baban yara, ko aikin ka ga zai sa ka yi kuskure, ka daina aikin," takan ce masa. "Ni dai firam ɗina."

A bayan tagar nan tasa akwai ɗan fili da bai fi faɗin ɗaki uku ba. Nan Ƙungiyar Lambu ta ɗalibai take shuka tumatir da latas, ga bishiyar gwaba a tsakiya da benci a ƙarƙashinta. A kan bencin Baba yake buɗe kwanon abincinsa kullum da rana, ya cire takalmi, ya rufe ido na minti goma. In ka tambaye shi, tunani yake yi.

Shugabar ƙungiyar wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, ana ce mata Mai Bokiti saboda ba a taɓa ganin hannunta wayam ba. Ran wata Talata ta shigo ofis, ta ajiye bokitin a bakin ƙofa, ta rusuna.

"Baba, ina wuni? Saƙonmu na jiya, mutum nawa suka buɗe?"

Ya duba kwamfuta. "Talatin da ɗaya."

"Cikin dubu goma sha huɗu?"

"Da ni a ciki, 'yata. Sau biyu na buɗe."

Ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ta bayyana masa cewa ranar Alhamis ne babban taronsu, kuma in ba a sami sa hannun mutum ashirin da biyar ba, za a soke rajistar ƙungiyar. Su kuwa su bakwai ne, biyu daga ciki ma inuwa kawai suke zuwa sha. In rajista ta tafi fili ya tafi, don sashen gine-gine ya daɗe yana auna shi da ido, yana so ya shimfiɗa siminti a riƙa ajiye motoci.

"A sake tura mana, Baba. Sau ɗaya kawai."

"Saƙo ɗaya a zango. Ba ni na rubuta dokar ba, amma ni nake riƙe da ita."

"To sai ka riƙa cin abincinka a bayan motar Darakta," in ji ta. Ta ɗauki bokitinta ta fita.

Ranar Baba bai yi tunaninsa na minti goma ba. Yana zaune a benci yana juya wani abu da ya daɗe da sani bai taɓa gaya wa kowa ba. Ɗalibai ba sa karanta sanarwa. Amma shekara uku da suka wuce ɗakin karatu ya taɓa sa shi ya aika layi ɗaya cewa a yi watsi da saƙon da ya gabata, sai ga mutum dubu tara sun tono saƙon sun karanta, alhali sauyin lokacin rufe ƙofa ne kawai a ciki. Kuma a can ƙasan takardar dokoki akwai wani sashe da ya ce ofis na iya aika gyara kowace rana, in kuskuren na ofis ne. Sharaɗin shi ne ma'aikacin ya sa hannu a fom ɗin amsa laifi, a saka masa a fayil.

Ya koma teburinsa ya karanta saƙon Litinin sau huɗu, yana fatan ya ga ko waƙafi ɗaya ya karkace. Saƙo tsaf, kamar yadda ya saba. Bai taɓa jin haushin iya aikinsa ba sai ranar.

Laraba da safe ya ƙwanƙwasa ƙofar Darakta da fom a hannu.

"Ranka ya daɗe, na yi kuskure."

Darakta ya ajiye kofin shayi a hankali. Shekara shida yana neman wannan rana, tun da Baba ya mayar masa da tasa sanarwar saboda kalma tamanin da uku.

"Kai? Zauna, Baba, zauna. Wane iri?"

"Na rubuta taro a bayan ofis, ban faɗi wane ofis ba. Ofisoshi sun yi yawa a jami'ar nan."

"Ba haka su suka rubuto ba?"

"Ni ya kamata in lura, ranka ya daɗe."

Darakta bai ja zancen ba, kada Baba ya sake shawara. Da kansa ya miƙo masa biro, da kansa ya huda takardar ya soka ta a fayil, yana ta ba shi haƙuri da fuskar da ba ta yi kama da ta mai jaje ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya yatsu biyu suka buga: "A yi watsi da saƙon da wannan ofis ya aika ranar Litinin game da Ƙungiyar Lambu. Don Allah kada a karanta shi. Taron yana nan gobe ƙarfe huɗu a bayan ofishin harkokin ɗalibai."

Kafin a tashi aiki mutum dubu takwas sun tono saƙon Litinin. Ba su ga abin ɓoyewa ba, wannan ya tabbatar musu cewa akwai shi. Wasu suka ce an goge wani layi. Wasu suka ce ba latas kaɗai ake shukawa a lambun nan ba.

Ranar Alhamis Baba ya tsaya a taga yana ƙirga kawuna, da ya kai ɗari biyu ya bari. Mai Bokiti ta kafa tebur a bakin shiga, ba mai wucewa sai ya sa hannu. Suka shiga suka yi ta leƙa ƙarƙashin ganye, aka tattake kunyar latas biyu, aka kakkaɓe gwaba har da ɗanya. Mutum goma sha tara dai da suka ga tumatir ja a jikin itacensa karon farko a rayuwarsu, sun ce za su dawo.

A gida matarsa ta saurari labarin har ƙarshe, ta tashi ta mayar da kalanda kan ƙusarta. Kwana biyu tana kawo masa abinci ba ta zama.

Rajista ta tsira, sashen gine-gine ya mayar da idonsa wani filin. Mako na zagayowa Baba yana kan benci, takalmi a gefe, sai ga shugaban Ƙungiyar Muhawara ya zo ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar jikoki.

"Baba, namu taron jibi ne, mutum goma sha biyu suka buɗe saƙonmu. Don Allah mu ma a taimaka a yi mana kuskure."

Baba ya buɗe ido ɗaya.

"Ka makara, ɗana. Guda ɗaya na tara a shekara ashirin da tara, na kuwa kashe shi a kan tumatir. Matsa kaɗan, kana taka mini bututun ruwa."