Kwikwiyon da Ya Sha Nonon Aro

Ni dai tun ina ƙarami nake son kare, kuma a gidanmu a Aliero wannan ba abin faɗi da ƙarfi ba ne. Baba ba ya son ko inuwar kare ta gitta mishi zaure. Da na samu wayar hannu sai son ya zama ciwo. In mun dawo daga fadama abokaina na kallon ƙwallo, ni ina kallon masu horon karnuka: yadda ake koya musu zama, yadda ake sa su bin sawu, wane iri ne mai jure zafi, wane ne mai yawan haushi. Ba wanda ya koya mini komi, da kaina na tattara ilimina, kuma a lokacin gani nake duk yankinmu ba wanda ya kai ni sanin kare.

Damata ta zo shekarar da albasa ta yi mana kyau. Munka cire, munka jibge ta a rudu, wato rumfar karan da muke ajiye albasa bayan gari har ta yi daraja. Awaki sunka matsa mana da jan kara, sannan sau biyu muna tarar da an rage mana gefe guda. Ranar nan Baba ya gama alwala, yana sa hula, ya ce mini, "A samo kare. Amma can zai zauna, kar ya shigo mini gida. Kuma kai ne mai shi. In ya kwana da yunwa, kai Allah zai tambaya, ba ni ba."

Ban bari ya sake tunani ba. Dama akwai wani mutum a Jega da nake ganin hotunan kwiyakwiyanshi a waya, wai irin na ƙasar waje ne, masu gashi luf-luf. Na kira shi, ya ce mu haɗu bakin tasha. Ya zo da kwali ɗaure a bayan babur, ya buɗe, ga su nan su biyar kamar curin auduga. Na taɓa ji a waya cewa kare ya fi shaƙuwa da wanda ya raine shi tun yana ƙarami, to sai na sa hannu na ɗauko wanda ya fi kowa ƙanƙanta, wani ja mai farin ƙirji, idonshi bai daɗe da buɗewa ba. Na tambayi mutumin ko ya isa rabuwa da uwa. Ya ce, "Ai kai gwani ne, ka fi ni sani. Yanzu ne daidai, kai zai ɗauka uwarshi." Wallahi daɗin kalmar gwanin nan ya hana ni sake tambaya. Na biya, na taho ina waƙa.

Kwana biyu kawai waƙar ta yi. Na yi mishi shimfiɗa da buhu a inuwar rudu, na dama madarar gari na zuba a murfi. Bai iya lasa ba, sai ya tsoma hanci ya shaƙe. Na koma ɗiga mishi da yatsa. Na gwada koko. Cikinshi ya ɓaci, ya yi ta zawo, kukan da yake yi ya koma kamar na ɗan tsako, a rana ta uku ma ya daina kukan. In na ɗaga shi kanshi sai ya langaɓe. Na duba waya har caji ya kusa ƙarewa, kuma duk inda na duba magana guda ce, wadda ban taɓa tsayawa na saurara ba: mai irin kwanakinshi nonon uwa yake bukata. Maganar Baba ta dawo mini, kai Allah zai tambaya.

Na sa shi a kwali na koma Jega. Wannan karon ban yarda da tasha ba, na yi ta tambaya har anka nuna mini inda mutumin yake ajiye su, wani kango ne a bayan gari. Tun daga waje wari ya tare ni. A ciki keji ne na rodi da tsohon kwano, jere, rana na dukansu. Kowane keji da karya a ciki, ba wurin juyawa, haƙarƙari a waje, nonuwa na jan ƙasa. Ba wadda ta yi mini haushi. Wannan shirun ya fi komi tsaya mini a rai, kare ya ga baƙo ya kasa ko ɗaga kai.

Na ce mishi, "Malam, don Allah ka mayar da shi wurin uwarshi ko sati biyu ne. Zan riƙa kawo abincinta."

Ya leƙa kwalin ya taɓe baki. "Abin da ya fita nan ba ya dawowa, kar ka kwaso mini cuta. Uwar ma nononta ya fara ƙafewa, duk 'ya'yan sun tafi. In na bar su suna tsotso har wata biyu, wa zai ci da ita? Kuma mutane ƙanana suke so, kai ma ƙarami ka zaɓa." Ya nuna mini wani kwali a gefe, wasu sababbi huɗu a ciki. "In wannan ya mutu ka zo, zan yi maka sauƙi."

Gaskiya ya faɗa, ni na zaɓa. Na fito na tsaya bakin titi na kira Inna a waya na faɗa mata halin da nake ciki. Ita ce ta ce, "Kai, da na je suna satin jiya na ga karyar kakanka ta haihu ƙarƙashin rumbu. Ka gwada can mana."

Kakana na wajen uwa yana wani ƙauye kusa da Maiyama. Ya yi kiwo da ƙuruciyarshi kafin ya zauna noma, kuma bai taɓa rabuwa da kare ba. Na jiƙa tsumma na rufa kan kwalin saboda zafin bazara, na kama hanya. Kowane ɗan lokaci sai na tsaya na sa yatsa a ƙirjin kwikwiyon na ji ko yana motsi.

Na iske tsohon a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, yana tufka igiya. Kakata ce ta fara hango ni, ta ce, "A'a, angona ne da tsakar rana? Me ka kawo mini a kwali, lefen ne sai yau?"

Tsoho ya ce, "Wane lefe, wanga ko goro bai iya saye. Kawo mu gani, abokin gaba."

Da ya buɗe sai wasan ya tsaya. Ya ɗauki kwikwiyon a tafin hannu, ya buɗe mishi baki da ɗan yatsa, ya ja fatar wuyanshi ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce, "Wa ya cire wanga daga nono?" Na ba shi labari duka, har da maganar gwani. Bai yi mini faɗa ba, dariya ya yi, wadda ta fi faɗa ciwo. "To gwani, zo ka ga aikin jahilai."

Ya ce da kakata ta ja karyar bayan ɗaki da ɗan tuwo. Kafin su tafi ya riƙe karyar, ya tatsi nono kaɗan a tafinshi. Munka durƙusa bakin rumbu, inda ta yi rami ta haihu, 'ya'ya huɗu na barci a kan juna. Ya shafa wa nawa nonon a ka da gadon baya, ya ɗebi ƙasar ramin ya murza mishi a jiki har gindin wutsiya, sannan ya cusa shi can ƙarƙashin sauran. Ya ce haka suke yi a ruga in uwar ɗan maraƙi ta mutu, sai an sa wata saniyar ta ji warin kanta a jikinshi kafin ta yarda. "Amma kare ba saniya ba ne," in ji shi. "Tana iya karɓa, tana iya karya mishi wuya. Ka ja baya, kuma ko me ka gani kar ka motsa."

Karyar ta dawo tana lasar baki. Wata siririya ce ruwan ƙasa, irin namu na gida wanda a waya ko sunanshi ba a ambata. Ta shiga ramin, ta sunsuna ɗaya, biyu, ta tsaya. Gashin bayanta ya miƙe. Ta sa hanci ta tono nawa, ta yi gurnani, ta kama shi a wuya. Na yunƙura, tsoho ya damƙe mini hannu. Ta fito da shi ta ajiye a rana, ta koma ta kwanta.

Na ce, "Shi ke nan, tsoho."

Ya ce, "Da shi ke nan ne da ba ta ajiye shi a hankali ba."

Munka bari ta huce. Ya sake tatsa, ya sake shafawa, wannan karon ya zauna gefenta yana shafa mata kai yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, ya tura shi tsakanin ƙafafunta na baya. Ta juyo ta sunsuna shi, ta daɗe tana sunsunawa. Sai na ga harshenta ya fito. Ta lashi kanshi, ta kifar da shi ta lashi cikinshi. Tsoho ya kama nono na baya, wanda ya ce ya fi ruwa, ya matsa ɗigo a bakin kwikwiyon. Ɗigo na farko ya zube. Na biyu ya haɗiye. Can sai ga 'yan ƙafafun gaba sun fara tura cikin karyar, ɗaya bayan ɗaya.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Kakata ta miƙo mini fura ta ce, "Sha, kar kai ma sai an nemo maka mai shayarwa." Rabona da abinci tun jiya, sai lokacin na tuna.

Da na dawo hayyacina sai na tuna huɗun nan na cikin kwali a kango. Na ce da tsoho zan koma na sayo su duka na kawo nan. Ya ce, "Karyata nono nawa gare ta? Kuma in ka kwashe kwalin yau, me zai yi gobe?" Ya ci gaba, "Cika shi zai yi. Kai ka ga ceto, shi ya ga kasuwa. Tausayinka a jikin uwayen nan zai ƙare." Ya ce su a nan ba su san sayar da kwikwiyo ba. In kana so sai ka zo ka nuna naka, ka jira har uwar ta kore su da kanta, sannan ka kawo goro ka ɗauka. Mai karyar kuma ya san gidan da ɗan ya tafi, in ka wulaƙanta shi zai ji.

Ban sayo su ba. Ba zan ce raina ya kwanta da hakan ba, har yau in na bi ta wannan gefen na Jega ina tuna karnukan da ba su yi haushi ba. Abin da na iya kawai, duk wanda ya nuna mini hoton kwikwiyo a waya ina ce mishi ya ce a kai shi ya ga uwar tukuna. Wani abokina da ke shirin saye, na ɗauke shi a babur munka je wurin tsoho ya nuna nashi.

Sati biyar ina zarya tsakanin Aliero da Maiyama. Duk zuwa sai na tarar jan ya ƙara nauyi, har ya fara ture 'yan gida daga nono. Ranar da na ga ya matso karyar ta yi mishi gurnani ta tashi ta bar shi, tsoho ya ce, "To, ta sallame shi." Na miƙa goron da na zo da shi. Ya kwance ganyen ya juya shi ya ce, "Wanga goro ya fi ni tsufa." Amma ya jefa aljihu.

Da na iso Aliero da shi, Baba na bakin rudu yana duba albasa. Ya tsaya nesa, hannu a baya, ya dubi kwikwiyon yana jan bakin wandona. Ya ce, "Shi ne wanda anka ce zai mutu?" Na ce shi ne. Ya ce, "To ka sa mishi ruwa a inuwa, rana ta yi."