Da Kafaɗa Ake Kitso?

Tsinke ake ce mata, don siririya ce, ga baki kamar reza. Shagon kitsonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi: tabarma, madubi mai tsaga, da kujera 'yar tsugunne. Allah ya jiƙanta, ba ta iya zama shiru ba.

Wata ranar Talata babur ya watsar da ita. Kafaɗar dama ta daki kwalta, wuyanta ya karkace gefe guda. Da ta farfaɗo, hannun yana reto kamar na aro. Ba ya ɗaguwa, gwiwar hannun ba ta lanƙwasuwa.

Likita ya zana mata a takarda. Jijiyoyi biyar ke fitowa daga lakar baya, huɗu ta wuya, ɗaya ta saman baya. Sai su sarƙe da juna a wajen ƙashin wuya, sannan su rarrabu su sauka cikin hannu. Biyun sama, masu ɗaga kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu, su ne suka tsinke. Na ƙasa, masu motsa yatsu, suna nan lafiya.

Ta ƙura wa zanen ido. "Likita, wannan ai kitso ne. Wanda ya yi shi ma gwani ne."

"Malama, gaskiya da wuya hannun nan ya sake ɗaguwa."

Ta motsa yatsunta biyar a kan cinya. "Su waɗannan fa?"

Ba ta yi wata guda a gida ba yayanta ya zo karɓar makullin shagon, wai ya samo wanda zai zuba kaya a ciki.

"Ke dai ki huta. Mai hannu ɗaya ina ita ina kitso?"

"Yaya, da kafaɗa ake kitso? Kai da ko gashi ba ka da shi, me ka sani?"

Washegari ta sa kafinta ya kafa ƙugiya a rufin shagon. Ta rataya tsohon ɗankwali, ta ɗauki hannun dama da na hagu ta zura a ciki, daidai tsayin kan mai zama. Yatsun suka kama aiki. Kan farko sai da ya ci yini guda, layukan a karkace. Ta yi kuka ta share, ta tsefe, ta sake. Ciwo kan taso mata kamar wuta tun daga wuya har babban yatsa. Sai ta cije leɓe ta zagi hannun, ta ce da mai zama, "Ƙawata, sunkuyo, ba ke nake zagi ba."

Shekara goma sha ɗaya ta yi a haka. Hannun bai taɓa ɗaguwa ba, makullin kuma bai bar wuyanta ba.

Makon jiya ta rasu, ciwon ƙoda ne. Dab da cikawarta, yayan na zaune bakin gadon asibiti yana share hawaye, ta buɗe ido da ƙyar ta dube shi.

"Yaya, in an zo gaisuwa ka faɗi gaskiya. Ka ce ba hannun ba ne."