Ɗana Yana Cigiyar Matar da Babu Ita

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya same ni, ni mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya, mai rumfar hatsi da busasshiyar citta a kasuwar Kafanchan, inda iyayena da kakannina suka yi saye da sayarwa tun jirgin ƙasa na cika garin da baƙi. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu. A kasuwa an san ni da baki. Babu dillalin da ya taɓa murɗe ni a ciniki, babu direban da ya taɓa jefar min da buhu ya tafi bai sha magana ba. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da in ya tsaya a gabana sai harshena ya yi nauyi, shi ne ɗana na fari.

A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Haka na ga mahaifiyata ta yi wa yayanmu, ni ma na ɗora har na fi ta. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Gwantu, a hannunta ya girma. In ya zo hutu sai in tashi in dafa abin da na san yana so, in zuba masa mai kyan, sannan in ba ƙanwarsa ta kai masa, in ce ta gaya masa ragowa ce. Ban taɓa zama kusa da shi na tambaye shi abin da ke damunsa ba. Mata suna ta yabona, wai ina da kara, ni kuma ina jin daɗin yabon kamar wata sarauta aka ba ni. Da ya girma ya koyi aikin sa tayil, ya tafi Abuja. Duk Juma'a yakan kira ni, ya ce ya kasuwa, in ce ya aiki, in sa masa albarka, a kashe waya. Iyakar hirarmu ke nan.

Maƙwabciyar rumfata Ibo ce, amma a nan Kafanchan aka haife ta, babanta ma'aikacin reluwe ne. Manja da garin kwaki take sayarwa, kuma mun yi shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya. Kullum dariya take yi wa kunyata, ta ce ita nata ɗan ko ya yi gemu sai ta ja kunnensa ta kuma rungume shi. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, ta miƙo min wayarta ta ce in ga yarona a shafin sada zumunta. Na karɓa kamar ba na so. Sai ga shi a tsakiyar abokansa yana dariya har ana ganin dasashinsa. Wallahi ban taɓa ganin wannan dariyar ba, ni da na haife shi. A ranar na ce ta buɗe min akawun, amma ba da sunana ba. Na ƙirƙiro wani suna, muka sa hoton dutsen Kagoro a wurin fuska, na aika masa da neman abota, ya karɓa.

Niyyata kallo ne kawai. Amma ranar da ya rubuta addu'a ga kakarsa da ta rasu, hannuna ya riga hankalina, na rubuta a ƙasa cewa na san ta, mace ce mai kirki, kunun gyaɗarta babu irinsa a Gwantu. Nan da nan ya biyo ni ta akwatin saƙo yana tambaya ko wace ce ni. Na ce tsohuwar malamar firamare ce da ta taɓa koyarwa a garin, yanzu ta yi ritaya tana zaune a wurin 'ya'yanta, takan leƙo Kafanchan jefi-jefi. Ya yarda. Daga ranar ya fara ce min Mama. Ni kuwa a gida Yaya yake ce min, yadda ya taso ya ji ƙannena suna faɗa.

Edita, ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin zama waccan matar. Duk abin da bakina ya kasa faɗa tsawon shekaru, yatsuna suka rinƙa faɗa ba tare da nauyi ba. Ina tambayarsa ko ya ci abinci, ina yi masa faɗa in ya sha ruwan sama a kan babur, ina tsokanarsa kan yarinyar da yake nema. Shi kuma ya buɗe min cikinsa. Wata rana ina tsakiyar auna dawa saƙonsa ya shigo, ya ce shi fa ya daɗe da sanin mahaifiyarsa ba ta son sa, baƙo ne a gidanta, ko abinci sai ragowa ake aiko masa. Hawaye suka zubo min a gaban mai saye, na ce ƙurar citta ce ta shiga idona. Na rubuta masa cewa babu uwar da ba ta son ɗanta. Ya ce Mama dai ba ta san tasa ba. Da na nuna wa maƙwabciyata, ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne, in kira yaron nan in gaya masa gaskiya tun abin bai yi tsami ba. Na ce sai na shirya.

Ban shirya ba har ranar da ya aiko da dogon saƙon da ya hana ni sukuni har yau. Ya ce an rufe wurin ginin da suke aiki, ya daɗe yana zaune babu abin yi, iyayen yarinyar kuma sun ce ya fito ko ya ba wani wuri. Wasu abokansa za su tafi haƙar zinare can cikin hamada, gaba da Agadas, sun ce ya zo su tafi. Ya ce bai gaya wa kowa ba, zuciyarsa ta rabu biyu, amma duk abin da Mama ta ce shi zai yi. Da safe na karanta, ana sauke min buhuna daga mota. Na ce wannan ba amsar tsaye ba ce, bari in natsu bayan la'asar in rubuta masa da kyau. Na soke wayar a ƙugu. Ina sunkuyawa don duba bakin wani buhu ta sulluɓe, ta faɗi, mai dako ya dire buhun masara a kanta. Da muka ɗaga buhun, gilashin ya dagargaje, ta mutu murus.

Na fizgi wayar maƙwabciyata na ce ta shigar da ni ta nan. Na yi ta kuskuren lambar sirri, in sa wannan a ce ba ita ba, in sa waccan a ce ba ita ba. Da ƙyar na tuno. Amma a maimakon saƙon ɗana sai wani rubutun Turanci ya tare fuskar wayar. Ta karanta min. An dakatar da akawun, wai sai na tabbatar ni ce mai wannan suna, in aika hoton katin shaida da bidiyon fuskata. Ina zan samo katin shaidar matar da ni na haife ta da bakina?

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Na bi masu gyaran waya na bakin tasha ɗaya bayan ɗaya. Sun sa min sabon gilashi, waya ta tashi, amma kowa ya ce buɗe akawun ɗin ba a hannunsa yake ba. Na aika da katina na gaskiya, aka dawo min da amsa cewa suna bai yi daidai ba. Na sake aikawa, na sake. Aka ce min akwai wani gwani a Jos, na rufe rumfa ranar da kasuwa ta fi ci, na hau mota na je, ya latsa, ya latsa, ya girgiza kai, na dawo da ciwon baya. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Ina auna wa mutum gero ya ce dawa ya ce. Ina salla ina lissafin ko yanzu masu shafin sun buɗe. Ganin ba sarki sai Allah, na buɗe sabon akawun da sunan nan da hoton nan, na aika masa. Ko minti bai yi ba ya toshe ni. Ta wayar maƙwabciyata na ga ya rubuta gargaɗi ga jama'a, wai 'yan damfara sun sace akawun wata baiwar Allah da yake girmamawa, suna yawo da sunanta, kada kowa ya karɓa.

Mai karatu zai ce, to ba kina da lambarsa ba? Ina da ita. Juma'a ta zo ya kira kamar kullum. Maƙwabciyata ta bar kwastomanta ta zo ta tsaya a kaina, tana yi min nuni da hannu in yi magana. Na ce ya aiki, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Na buɗe baki in ce kada ka tafi, sai na fasa. In na faɗa, zai ce wa ya gaya min, alhali mutum ɗaya ya gaya wa a duniya. Zai tuna duk abin da ya rubuta a kaina, ya gane ni ce nake karantawa, ni ce nake amsawa. Na ga kamar ƙasa za ta tsage da ni da shi. Sai na ji bakina ya ce Allah ya yi albarka. Ya ce amin, ya kashe. Maƙwabciyata ta tafa hannu, ta ce da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, wai ni wane irin uwa ne, yaro yana cikin wayana ina neman fasuwod a Jos. Ta koma rumfarta, ranar ba ta ci abinci da ni ba.

Duk da haka ban ji ba. Na ci gaba da gaya wa kaina cewa gobe za su buɗe, waccan matar ta rubuta masa, ya ji maganarta, asirina ya rufu. Gobe ta yi ta zama gobe, har aka aiko cewa lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, an rufe akawun gaba ɗaya. Juma'ar da ta biyo baya bai kira ba. Na kira, aka ce wayar a kashe take. Wata Juma'ar ma haka. Sai can wata lamba mai tsawo ta ƙasar waje ta kira ƙanwarsa, ya ce ta gaya wa Yaya ya yi tafiya neman arziki, a yi masa addu'a.

Yanzu damina biyu ke nan yana can. Ba ya samun kira sai in sun fito inda ake samun sabis, kuma ƙanwarsa yake kira, ya ce ta gaishe ni. Ta ce yana tari mai yawa in yana magana. Ta ce ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi tare rami ya rufta da shi. Yarinyar da ya tafi dominta an ɗaura mata aure da wani, har ta haihu. A kiransa na ƙarshe ya ba ƙanwarsa wani saƙo, ta zo ta same ni da shi a rumfa. Wai akwai wata tsohuwar malama da ta san kakarsu, ga sunanta, takan zo Kafanchan, tunda Yaya ta san mutane ta taimaka ta yi masa cigiyarta. Yana so ya san ko tana raye. In an same ta a gaya mata bai yi fushi ba, ya san ba laifinta ba ne, amma ya jira amsarta har ranar da motarsu ta tashi, yana cikin motar ma yana dubawa. Na ajiye mudun da ke hannuna. Na ce mata na san matar. Yarinya ta yi murna, ta ce a ina take, na ce ta bar min, saƙo ya isa.

Ba na ganin laifin masu shafin. Tambaya ɗaya suka yi min, wace ce ke, na kasa amsawa. Ba kuma ina zagin al'adarmu ba ne, kunya ado ce, amma ni na sa ta har ta shaƙe ni, ta shaƙe ɗana. Na ɗauki soyayyar da hakkinsa ce na ajiye a gidan aro, mai gida kuwa ranar da ya ga dama yake sa kwaɗo. Ku mata 'yan'uwana, musamman masu 'ya'yan fari, kada ku yarda yabon mutane ya hana ku tambayar ɗanku abin da ke cikin ransa. Yaran yanzu ba sa karanta so a cikin kwanon abinci, sai sun ji da kunnensu. Masu buɗe akawun da sunan ƙarya don su leƙa miji ko ɗa ko masoyi, ku sani duk abin da kuka gina a kan wannan suna ba naku ba ne, ranar da kuka fi buƙatarsa ba za ku iya cewa nawa ne ba. In kuwa ƙofa ɗaya ta rufe kuma rai na cikin haɗari, kada ku tsaya bugunta kamar yadda na yi, ku bi ta wadda ke buɗe ko da za ku ji kunya.

Na gaya wa ƙanwarsa in ya sake kira, ko ina tsakiyar ciniki ne, ko ina kan sallaya, ta rugo ta kawo min wayar, ni da shi za mu yi magana komai zai biyo baya. An girbe citta tun daga lokacin, an shanya, an kai kasuwa. Bai kira ba tukuna. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.